Yadda Na Dafa Littafin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, kuma ko na so in manta, matata ba za ta bari ba. Can wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ne, lokacin ina da ɗan shagon buga takardu a Kawo, bayan tashar mota. Kwamfuta ɗaya gare ni, ita ma ta hannu, sai firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Amma duk layinmu ni ne malamin kwamfuta. Kwas na wata uku na yi, wata uku kacal, amma in ka ga yadda nake gyara zaman tabarau a hanci (ba na likita ba ne, gilashi ne zalla), sai ka rantse a gidanmu aka ƙera ta.

A lokacin ina neman auren Rakiya, 'yar Malam Isiyaku, wani tsohon hedimasta Bakatsine da ya yi ritaya ya zauna a unguwar Kinkinau. Mutum ne mai magana ɗaya-ɗaya. In ka gaishe shi sai ya tsura maka ido kamar yana duba takardar jarrabawarka. Shekara goma ya yi yana rubuta tarihin garinsu da na zuri'arsu a littattafan rubutu na 'yan makaranta, har guda goma sha ɗaya. Da na samu labari sai na ce yauwa, ga ƙofar shiga zuciyar dattijo. Na je na durƙusa na ce, "Baba, a ba ni in buga shi a kwamfuta, albarka kawai nake nema." (Ƙarya nake yi, Rakiya nake nema.)

Wata huɗu na yi ina fama da rubutun Baba. Da aka zo babi na ƙarshe idonsa ya fara ba shi matsala, don haka sai ya riƙa zuwa shagon da kansa bayan la'asar, ya zauna a benci yana faɗa ina bugawa. Babin a kan marigayiya matarsa ne, mahaifiyar Rakiya, wadda ta rasu tun Rakiya tana rarrafe. Kwana uku muka yi. Yakan goge ido da bakin riga, ya ce hayaƙin motocin tasha ne ya dame shi. Da muka gama ya ce, "Kada ka nuna wa Rakiya. Ban taɓa ba ta labarin nan ba. Bari littafi ya fito ta karanta da kanta." Wannan babi babu shi a kowace takarda a duniya, sai a cikin kwamfutata.

Ana nan sai kwamfutar ta cika. Ka danna abu sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta buɗe ba. Faya-fayan filofi da ake adana aiki a cikinsu kuwa ba amana gare su ba, yau su buɗe gobe su ƙi. Na kai kuka wajen Oga Bulus, mai gyaran kwamfuta a cikin gari, ya ce akwai magani: rumbun ajiya na waje, wanda ake jona wa kwamfuta da waya, ka zuba masa duk abin da kake so ka huta. Sai da na rabu da rediyona mai kaset biyu kafin ya zo mini da shi daga Legas. Wani ɗan akwati ne fari, girman babban burodi, da nauyi, da wayar wutarsa daban, da 'yar fanka a bayansa da wasu tsage-tsage a gefe.

Oga Bulus ya fara bayani, "Ka ga waɗannan ramukan, to ka tabbata..." Na ɗaga masa hannu. "Haba Oga Bulus, ni za ka koya wa?" Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo mini ɗan littafin bayanin da aka haɗo da shi. Littafin nan ya yi mini amfani ƙwarai, don da shi na tokare ƙafar teburina da ke rawa.

To, ka san halinmu. Abu in mai tsada ne ba a barinsa tsirara. Mutum ya sayi mota sai ta shekara biyu ledar kujerunta na nan. Talabijin da rigarta, rediyo da rigarsa, hatta filas ɗin shayi sai an ɗinka masa. Ina ni ina tuɓe rumbun da ya cinye mini rediyo? Na bar shi cikin ledarsa ta kamfani, na ɗan huda inda wayoyi za su fita kawai, don duk wanda ya shigo ya san sabo ne dal. Bayan kwana biyu na ga kyankyaso yana shawagi kusa da shi. Na buɗe ledar, na samo salatif na bi tsage-tsagen nan da bakin fankar na liƙe tsaf, har ninki uku, na mayar da leda na ɗaure. Wallahi ranar har yaba wa kaina na yi, na ce Bature da duk wayonsa bai yi tunanin kyankyason Kawo ba.

Rakiya gwanar saƙar kwarashi ce, duk wani abu mai daraja a gidansu yana sanye da aikin hannunta. Na kai mata awon rumbun da igiya, na roƙe ta ta saƙa masa riga. Ta saƙo wata kore da fari, har da fure a sama. Da za ta ba ni ta ce, "Anya ba zai ji zafi ba? Na ga ko talabijin ɗin Baba sai an cire mata riga ake kunnawa." Na yi dariya irin ta manyan masana. Na ce, "Rakiya kenan. Wannan ilimi ne mai zurfi, bar shi a hannunmu."

Na kwashe komai na zuba a rumbu, na goge na cikin kwamfuta don ta sha iska. Faya-fayan filofi na ba mai shayin layinmu yana rufe kofuna da su. Har Kinkinau na je na ce wa Baba littattafansa goma sha ɗaya sun gama aiki, ko mai ƙosai ya ba ta naɗe kaya, domin abin da ya shiga rumbun nan jikokin jikokinsa za su tarar. Ya dube ni ya ce, "To."

Bazara ta shigo, shagona kuma rufin kwano ne. Rumbu ya riƙa ɗaukar zafi, in na taɓa sai in gyaɗa kai in ce aiki yake yi ba wasa. Har na gano cewa in na ɗora kofin shayina a kan furen nan ba ya hucewa. (Ina roƙon mai karatu ya ci gaba da ganin mutuncina, in da sauran.)

Ranar Asabar ɗin, Baba ya zo da dattawa uku na ƙungiyar 'yan garinsu, waɗanda za su ɗauki nauyin buga littafin. Bayan azahar suka iso, manyan riguna sai ƙamshin turare. Babbansu Alhaji Mamman, mai motocin haya, aka ba shi kujerata. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ni kuwa na sha sabuwar shadda, na tsaya na yi musu lacca ta kusan minti ashirin. Na ce zamanin takarda ya wuce, gara ta ci, wuta ta ci, ruwa ya ci, amma wannan, na dafa kan rumbun (na yi saurin janye hannu don zafi), wannan sai dai tashin duniya. Alhaji Mamman ya ce, "Ikon Allah! Malam Isiyaku, ka yi dacen suruki."

Na zauna, na gyara tabarau, na danna.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Wani ɗan sauti ne kamar ana ƙyasta ashana mai sanyi. Kwamfuta ta yi tunani, ta yi tunani, sannan ta rubuto cewa ita ba ta ga wani rumbu ba. Na yi murmushi na ce gaisawa suke yi tukuna. Na kashe na kunna. Ƙyas, ƙyas. Na cire waya na hura mata iska na mayar. Gumi ya fara bin bayana har cikin wando. Ɗaya daga cikin dattawan ya shaƙi iska ya ce, "Wai ni kaɗai nake jin ƙauri?" Na ce ai masu gyaran taya ne a tasha. Na ɗora wa masu wuta laifi, aka nuna mini fankar shagona tana juyawa lafiya lau. Wani dattijon ya matso ya yi wa rumbun tofi, ni kuma na ce amin da ƙarfi, don a lokacin ko me aka kawo karɓa zan yi.

Baba ya ce, "Akwai wani wurin da ka ajiye?" Na ce, "Baba, ai... wato... shi ne wurin."

Alhaji Mamman ya ce a tashi a kai shi wajen mai gyara. Haka muka ɗuru a motarsa mu biyar, ni a tsakiya a baya, rumbu a cinyata cikin rigarsa mai fure, kamar an ɗauko jariri za a kai asibiti.

Oga Bulus na ganin abin da na ajiye masa a tebur ya tuntsire da dariya. "Kai! Wane ne ya sa masa rigar sanyi a wannan zafin?"

A nan ne na aikata abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Asarar rumbun ba ta kai wannan ciwo ba. Na ga hanyar tsira, na bi ta a guje. Na gyara murya na ce, "Wallahi Oga Bulus sai da na faɗa. To ka san mata, in suka dage a kan ado ba ka da yadda za ka yi." A gaban ubanta. Mutumin da ya san saƙar 'yarsa ko a cikin duhu.

Baba ya ɗauki rigar da Bulus ya zare, ya ɗaga ta sama yana kallon haske ta cikin hujojinta. Ya ce, "Wannan dai saƙar Rakiya ce, kuma iska na wuce ta." Sannan ya nuna tebur da haɓa. "Ita wannan ledar, ita ma Rakiyar ce ta saƙa?"

Ledar ta narke ta manne da jikin rumbun. Bulus ya sa reza yana ɓarewa, yana ɓarewa, sai ga salatif. Ya ɓare ninki ɗaya, ga na biyu. Ya ɓare, ga na uku. Ya daina dariya, ya kira maƙwabcinsa mai gyaran talabijin ya zo ya gani, shi ma ya kira wani. Bulus ya ce, "Malam, wa ya toshe masa hanci?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kyankyaso." Alhaji Mamman ya ce, "Kyankyason ne ya liƙa?" Shago ya kwashe da dariya, har dattijon da ya yi tofi sai da ya riƙe ciki. Bulus ya kwance rumbun ya shinshina, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba lalacewa ya yi ba, dahuwa ya yi. Ko Legas ka kai shi sai dai su yi maka ta'aziyya."

Na durƙusa a gaban Baba a kan simintin shagon, sabuwar shaddata cikin ƙurar waya, na ce shekara goma na ƙona masa, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Tashi. Littattafaina suna cikin akwati. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san fuskar yaron da bai yi karatu ba yana cewa ya sani."

Wata huɗu na sake yi ina buga littattafan nan goma sha ɗaya, kowane shafi in fitar a takarda in kai masa Kinkinau ya sa hannu da jan biro. Rakiya kuwa labari ya riga ni isa gida. Sati uku in na yi sallama sai a ce tana aiki. Ranar da ta fito, abin da ta fara ce mini shi ne, "Sannu da zuwa, mai ilimi mai zurfi."

Da na zo babi na ƙarshe na ɗauki biro da takarda na je na ce, "Baba, saura na Mama." Ya ce, "Wancan sau ɗaya ake iya faɗarsa, kuma na faɗa." Haka littafin ya fito, babin mahaifiyar Rakiya layi huɗu ne: sunanta, garinsu, shekarar rasuwarta, da addu'a.

An ba ni Rakiya, don Baba ya ce wauta ba ta hana aure. Har ya rasu bai sake buɗe zancen matarsa ba, sai ya zama ni kaɗai na taɓa jin abin da ya faɗa a kwana ukun nan. Har yau takan ce, "Don Allah sake tunowa, me ya ce a kanta?" Ni kuwa lokacin hankalina yana kan kada in yi kuskuren harafi a gabansa. Abin da na riƙe bai wuce cewa tana son ɗanwake ba, kuma in tana dariya takan rufe baki da gefen mayafi. Shi nake ta maimaita mata shekara da shekaru, ita kuma ba ta gajiya da ji.

Darasin da na koya, duk abin da ba ka da shi a wuri biyu, ka ɗauka ba ka da shi. In kuma har rashin kunya ta kai ka ga ɗora wa wani laifinka, to ka bari a gama kwance kayan tukuna.