Konfitir ɗin da Ya Cire wa Surukina Haƙori

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na so burge surukina ba. Alhaji ya zo mana daga Tawa, kuma tun aurena da 'yarsa Rakiya yake cewa ni direba ne mai baki, hannu babu. Na ƙudurta sai ya janye maganar.

Lokacin firez ne, jajayen 'ya'yan lambun nan da ke cika Wagadugu da sanyi. Na sayo kwano guda a kasuwar Sankaryare, na ce konfitir zan dafa, irin wanda ake shafa wa burodi. (Sau ɗaya na ga kukun wani otel yana yi, ta taga, ina jiran fasinja. Karatuna ke nan.)

Na zuba sukari, na matsa lemon tsami, na ɗora a gawayi. Da ya yi kauri Rakiya ta leƙo.

"Maigida, sauke shi, ya yi."

"Ke me kika sani a abincin Nasara? Sai ya yi baƙi-baƙi."

Ya yi baƙin kuwa. Na juye a kwalba da zafinsa, ban ko ɗanɗana ba.

Da safe aka kai wa Alhaji shayi da burodi da kwalbata. Mutum ba ya ci a gaban surukinsa, don haka na tsuguna bayan ƙofa ina jiran yabo. Na ji cokali yana ƙwanƙwasa kamar ana sassaƙa. Sai aka kira ni da wata murya da ban sani ba.

Na shiga kaina a ƙasa. Alhaji na riƙe da dunƙulen konfitir, haƙoransa na roba na sama a kafe ciki, suna yi mini murmushi.

"Yaro," in ji shi, iska na fita ta dasashi, "da wannan kuke liƙe tayar mota?"

Rakiya ta ruga kicin, ba kuka take ba. Ita ta jiƙa haƙoran a ruwan zafi, ta narka sauran a kokon yara, suka shanye har da neman ƙari.

Alhaji ya janye maganarsa, ba ƙarya. Yanzu cewa yake ina da hannu, na birkila. Ni ma na koyi nawa: in matata ta ce sauke, ko tukunyar wani ce saukewa nake.