Jar Motar Mai Girma da Ramin Ƙofar Gidana

Jama'a, ku taya ni murna, ku kuma taya ni jaje. Jiya na ga abin da idona bai taɓa gani ba, na kuma koma gida ina tura babur, babu ko ɗigon mai a tankinsa.

Tun da safe nake kan layi a gidan man da ke bakin unguwarmu. Rana ta take, saura ƙiris a zo kaina, sai ga wata tirela ta ja birki, ɗauke da wani abu a lulluɓe. Direban ya sauko, ya leƙa hanyar unguwarmu, ya riƙe ƙugu. Ina ganin haka na san ya hango ramin ƙofar gidana.

Bari in gabatar muku da ramin nan, don shi ne maganar. Ya girmi autata. Da rani ƙura yake ba mu, da damina kuma ya zama tafki, mota na faɗawa ciki ruwan ya tsallake dokin ƙofa ya iske mu har ɗaki. Ga shi hadari ya fara haɗowa, matata kullum sai ta dubi sama ta dube ni, kamar ni na haƙa shi. Can ƙarshen hanyar tamu kuwa gidan Mai Girma Uban Alkawura ne, shugaban Kwamitin Nazarin Yiwuwar Tunanin Gyaran Hanyoyi. Kullum yana wucewa a jif mai dogayen ƙafafu. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa wucewa bai ɗaga mana hannu ba.

Aka yaye lulluɓin. Kai! Mota ce ja wur, ta kwanta da ciki a ƙasa, ko tafin hannu ba ya shiga ƙarƙashinta. Nan take layi ya watse. Har mai zuba man ya rataye tiyo ya biyo mu, ni ma na jingine babur na ruga.

Wanda ya riga kowa isa shi ne maƙwabcina mai aski, da muke kira Sitiyari. Bai taɓa tuƙa ko amalanke ba, amma bangon shagonsa ba ka ganin fenti don hotunan motocin tsere. Ya taho da almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski na biye da shi da rabin kai.

"Ita ce, wallahi ita ce!" in ji Sitiyari, yana jijjiga mini kafaɗa. "Maƙwabci, dubi ƙugun nan! Dubi yadda zanen jikinta ya taso daga fitila ya gangara har baya bai tsaya ko numfasawa ba. Ƙofofin nan sama suke buɗewa, injin kuma a bayan direba yake, kana gani ta gilashi!"

Tsohon mai faci na bakin titi ya ja tsaki. "An ɓata gida. Kakarta fitilun baya zagayayyu gare ta, ko daga nesa ka san 'yar wace ce. Wannan an ja mata wani siririn abu kamar an sa wa mage kwalli. Kuma an ce rabinta lantarki ce. Motar tseren da ba ta firgita kaji, ina amfaninta?"

"Haba Baba, da girmanka! Dubi hancin nan, na kakarta ne sak, wadda ta cinye tsere shekara da shekaru."

"A ina ka ga kakar tata?"

"A kalanda."

"Ni ma a kalanda na gan ta, kuma tawa ta girmi taka."

Sai jama'a suka rabu biyu, 'yan fitila zagayayya da 'yan fitila siririya, mutanen da tun safe ba wanda ya iya tayar da motarsa. Aka nemi ra'ayina, na tambaya ina ake ɗora buhu. Suka dube ni kamar na zagi iyayensu.

Ana cikin haka sai ga jiniya. Mai Girma ya sauko, ashe jar motar tasa ce. Direban tirela ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka sauke ta ta shiga hanyar nan, ramin farko zai cire mata haɓa."

Mai Girma ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Na rantse wannan ne karon farko da suka haɗa ido da ita. Ya ɓata rai ya ce, "Wa ya bar hanyar nan haka?"

Ba wanda ya amsa, don mu mutane ne masu tarbiyya.

Ya ɗaga waya ya yi magana kaɗan. Kafin gumi ya bushe mana, sai ga katafila tana tafe, tifa cike da tsakuwa na biye da ita. Katafilar nan fa da aka shekara ana gaya mana ta lalace, ana jiran ƙarfenta daga ƙasar waje. Ashe ƙarfen a cikin wayar Mai Girma yake.

Na kwasa da gudu gida. "Maman yara, fito ki gani!"

"Lafiya, Malam? An samu man?"

"Wane mai! Katafila!"

Ta fito da ludayi a hannu, ta gani, ta dafe ƙirji. Bakina har kunne. Nan take na shiga jam'iyyar fitila siririya, na ce ban taɓa ganin fitila mai hankali irinta ba. Katafila na ta cike ramuka ɗaya bayan ɗaya, tana nufo nawa, ni kuma ina gefenta ina yi wa direban sannu kamar surukina.

Mai Girma ya ga jama'a na yi masa tafi, ransa ya yi fari. Ya ce, "A cikinku wa ya san darajar abin nan?"

Mu da hannunmu muka tura Sitiyari gaba. Ya durƙusa, ya fara daga kakan kakanta, ya jero tsere, ya jero masu ƙira. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma mai son mota in ya samu mai sauraro, ba ya da birki.

"Ai ranka ya daɗe, irin wannan ba a hawanta," in ji shi. "Ƙalilan aka ƙera a duk duniya. Masu ita na gaske ɗakin gilashi suke gina mata, su sa mata sanyi, a zo a kalla. Duk takun da ta yi a hanya darajarta raguwa take. Tsakuwa ɗaya ta daki fentin nan, an cuci tarihi!"

Na taka masa ƙafa, na ja masa riga, bai ko ji ba. Na juya wajen tsohon mai faci ko zai musa, kamar yadda ya saba. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam gaskiya ne. Ko da yake an ɓata fitilun."

Mai Girma ya shafa gemu. "Wato in ban hau ta ba ta fi daraja?"

"Nesa ba kusa ba, ranka ya daɗe!"

"To, a kan me muke ɓarnar dukiyar jama'a?"

Ya ɗaga hannu. Katafila ta tsaya cak, bakinta a gaɓar ramina, har ƙasar da ta turo tana gangarawa ciki. Aka ce ta juya, tsakuwar kuma a wuce da ita gidansa a zuba harsashin ɗakin gilashi, kada ta salwanta. Allah ya ƙara mana shugabanni masu tattali. Na zauna a dokin ƙofa.

Aka mayar wa motar lulluɓinta, tirela ta shigo da ita a goye. Ta faɗa ramina, ta yi gurnani, ta fita, ta bar shi ya fi da zurfi. Sitiyari ya bi ta da kallo, idonsa fal da ƙwalla. "Ka gani, maƙwabci? Ko tayarta ba ta taɓa ƙasa ba."

Matata ta dube shi ta ce, "Allah ya shirye ka," ta shige ciki. Na koma gidan mai, aka ce ya ƙare.

Da la'asar ruwan farko ya sauka. Ina tsaye tsakiyar ɗaki, ruwa har idon sawu, takalmin autata na yawo a kai, sai ga Sitiyari ya naɗe wando yana kutsowa da waya a hannu. Na zaci haƙuri ya zo ba ni. Ashe hoto ya kawo mini: wai kamfanin da ya yi jar motar ya ƙera mata ƙanwa mai dogayen ƙafafu, wadda ke ratsa rami da ruwa ba ta ko tari.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan ya riƙe bakinsa. Mai Girma bai ji labarinta ba tukuna.