Birkin Hagu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, kuma wallahi na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in na ga keke a jingine jikin bango sai raina ya ɓaci, kamar shi ya yi mini laifi, alhali na san mai laifin sarai, kullum da safe muna haɗuwa da shi a madubi.

Aikin injiniya nake yi a wani kamfanin gine-gine a nan Riyad, shekara huɗu ke nan. Shugaban sashenmu wani Bafaranshe ne da muke kira Musye Alen, mutumin da ba shi da zance sai na keken hawan duwatsu. A bangon ofishinsa akwai wata ƙatuwar taswirar kudancin Faransa da aka ja wa layuka kala-kala. Kore hanyar yara ce da tsofaffi, shuɗi ta masu ɗan ƙwari, ja ta gwanaye, baƙi kuwa ta waɗanda suka gaji da duniya. Duk shekara yakan kwashi mutum biyar daga ofis su je su yi mako guda suna bin hanyoyin nan daga ƙauye zuwa ƙauye. In sun dawo sai su ishe mu da hotuna: gidajen dutse da suka girmi kakannin kakanninmu, lunguna masu daɓen duwatsu, gonakin inabi a kan tudu, wata tsohuwar gada a kan rafi, da wata tsohuwa mai sayar da cuku da suke ta yabo kamar gwaggonsu ce. Mutumin da ya shekara huɗu tsakanin zafin Riyad da sanyin na'ura, ya ga wannan koren, dole ransa ya biya. Nawa ya biya sosai.

Sai bara ɗaya daga cikin biyar ɗin ya fasa, kujera ɗaya ta fito. Mu biyu muka nema, ni da Ramon, wani siririn ɗan Filifin mai zana mana taswirar gini. Musye Alen ya ce ba zai kai mutum ƙauyen uwarsa ya karye masa a can ba, don haka za a yi gwaji ranar Asabar a Wadi Hanifa, kwarin nan da mutanen gari ke fita shan iska. Akwai wani gangare mai tsakuwa a wajen. Wanda ya sauko shi lafiya, kujerar tasa ce.

Nan fa na buɗe baki. Na ce ni a kan keke na girma. Na ba su labarin baƙin keken babanmu a Malumfashi, yadda nake ɗora buhun masara a baya in kai kasuwa ba tare da na sauke ƙafa ba. Har na tashi na nuna jan layi da yatsa na ce shi zan bi. (Ban gaya musu rabona da keke shekara goma sha takwas ba ne. Ai ba su tambaya ba.) Ban tsaya nan ba, na rubuta a zauren danginmu na waya cewa a taya ni addu'a, bana sai Faransa. Na sayi hular kwano da irin wandon nan mai kama jiki. Da na gwada shi a gida, matata Hajara ta dube ni sama da ƙasa ta ce in dai da shi zan fita, kada in ce wa kowa ni mijinta ne.

Yanzu bari in kawo Malam Ilu, don shi ne inda abin ya fi ci mini rai. Ilu direban ofishinmu ne, mutumin Damagaram, ya girme ni da kusan shekara goma. A unguwar Manfuha yake zaune, su takwas a gida ɗaya. Kafin ya zo Saudiyya gyaran keke yake yi, kuma kekunan gwanjo na Faransa sun sha wucewa ta hannunsa, shi ya sa Musye Alen ba ya barin kowa ya taɓa kekunansa sai shi. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a kamfanin. In muka haɗu a masallaci mukan gaisa har da tambayar iyali. Amma in Turawa na wurin, sai in riƙa amsa masa a gajarce, wani lokacin ma da Turanci, wai kada a ɗauka ni da direba ɗaya ne. Ina rubuta wannan ina jin haushin kaina.

Ranar Asabar bayan la'asar Ilu ya sauke kekuna daga bayan mota, ya turo mini wanda Musye Alen ya ara mini, wani ja mai kaurin taya. Ya riƙe kan keken bai saki ba, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Injiniya, keken nan na Faransa ne. Birkinsu ba irin naku na Najeriya ba ne. Hagu shi ne na gaba, kuma yana ci sosai. Ka ɗan zaga fili ka gwada shi kafin ku tashi."

Da Hausa ya faɗa, ba wanda ya ji sai ni. Amma Musye Alen da Ramon suna kallonmu, ni kuma sai na ga kamar kowa ya gane direba na koya wa injiniya hawan keke. Jinina ya hau. Na ɗaga murya, da Turanci, na ce masa tun bai san hanyar Riyad ba nake hawan keke, ya je ya kula da motarsa. Ilu ya saki kan keken, ya ce, "To, Injiniya. Allah ya kiyaye." Ya koma ya jingina da mota.

Ga abin da bai sani ba, ko kuma ya sani sarai. A keken babanmu, hagu shi ne birkin baya. Abin da aka fara koya mini ke nan: dama na jefa mutum, hagu za ka matse. Kuma robar birkin ta cinye tun ban shiga firamare ba, sai ka matse da dukkan ƙarfinka kafin keken ya yi tunanin tsayawa. Kaina ya ji maganar Ilu ya watsar, hannuna kuwa ko jin ta bai yi ba.

Da farko abin ya yi daɗi. Hanya a miƙe, iska na kaɗawa, na wuce Ramon ina murmushi. Sau biyu muka tsaya, duk biyun da ƙafa na ja ƙasa na tsaya, irin ta gida, ban taɓa birki ba. Da muka iso bakin gangaren Musye Alen ya ce a sauka a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ban bari ya rufe baki ba na yi gaba.

Tun ban kai rabi ba na san na yi ganganci. Keken na tsalle, haƙorana na haɗuwa, tsakuwa na fallatsa. Can ƙasa, daidai inda hanyar ta karya kwana, wani dattijon Balarabe da iyalinsa sun shimfiɗa darduma a gindin dabino, an ajiye faranti na kabsa, shinkafar nan tasu da nama, ana shirin ci. Na ga ba zan iya kwanar ba. Hannun hagu ya yi abin da aka koya masa a Malumfashi, ya damƙe da ƙarfin da ake tsayar da buhun masara.

Tayar gaba ta tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Na tuna na ga sama, na ga keken a samana, sannan kafaɗata ta daki ƙasa na ji ƙas, fuskata kuma ta sauka a tsakiyar shinkafar mutane. Keken ya biyo baya ya kifar da butar gahawa. Matan suka ja baya suna toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Dattijon ya share shinkafa daga gemunsa yana cewa, "Salamat, salamat," wato sannu, har da miƙo mini dabino, ni kuwa ina kwance cikin wandon da Hajara ta yi gargaɗi a kai. Ina nan kwance Ramon ya gangaro a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya tsaya daidai kaina, ya tambaye ni ko lafiya.

Ilu ne ya ɗauke ni. Shi ya cire mini hular, ya kakkaɓe mini shinkafa daga kunne, ya naɗe mini hannu da rawaninsa, ya ba dattijon haƙuri da Larabcinsa na kasuwa. Duk hanyar asibiti jira nake ya ce ai ya gaya mini, in samu wanda zan sauke wa fushina. Bai ce ba. In mun taka rami sai ya ce, "Sannu, Injiniya." Ban taɓa jin sannu mai zafin wannan ba.

Ƙashin kafaɗa ya karye, mako shida hannuna a rataye. Na zagi Faransawa kaf, ƙasa guda ta rasa abin da za ta juya sai birki. Na zagi masu yin keken, na zagi gangaren, na yi fushi da Hajara saboda in ta kawo mini abinci sai ta tambaya ko in ci da hannu ko da fuska. Ramon ya tafi Faransa. Ya turo mini hotonsa a kan tsohuwar gadar nan, shi da tsohuwa mai cuku. Dangi kuma suna ta tambaya a waya yaya sanyin Faransa.

A mako na biyu Ilu ya zo duba ni da ledar lemo daga kasuwar Aziziya. Na kasa haƙuri, na tambaye shi, cikin faɗa ma, me ya sa bai matsa mini ba ranar, tunda ya san abin da zai faru. Ya ci gaba da ɓare lemo, bai ɗago ba.

"Ai da Hausa na gaya maka, Injiniya, don kada su ji. Kai ka mayar da ita Turanci."

Na karɓi lemon na sha.

Musye Alen ya ce baɗi in Allah ya kai mu zai duba ni, amma koren layi, tare da jikokin ƙanwarsa. Na amsa, ba don raina ya so ba. Yanzu duk Asabar Ilu ke koya mini birki a filin ajiye motoci na ofis, a gaban duk wanda ya ga dama ya kalla. In ya yi ƙasa da murya ya ce "Injiniya," sai in sauke ƙafafuna biyu a ƙasa, in ce, "Na'am, Malam Ilu," da Hausa.