Kukata a Gonar Sale, Ɗorawar Gwaggo a Gonata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Sale ya goyi bayana a gaban Dagaci ba. Har yau in na tuna sai in ji rabi kunya rabi haushi, kuma in aka matsa mini zan ce haushin ya fi yawa.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin. A ƙauyenmu, can arewa da Bici, akwai wani dakali a ƙofar masallaci inda ake zama bayan la'asar. Nan ne kotuna. Ba a kawo maganar da zan bari ta wuce ban yanke mata hukunci ba: wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa, wanda ya saki awaki da damina, wanda ke zuba ruwa a nono. Har suna aka sa mini, Alƙalin Dakali (shekara da shekaru ina ɗauka yabo ne). Maganata kullum ita ce, abin da yake daidai daidai ne, ba ya duba fuskar kowa, ba ya sauyawa don mutum ya shiga matsi. In wani ya ce ai kowane abu da irin halin da ake ciki, sai in ce masa wannan zancen masu neman hanyar cin kayan mutane ne.

To a wajenmu gonaki manne suke da juna, kuma ba lallai ba ne bishiyar da ke cikin gona ta zama ta mai gonar. Wajen rabon gado sai a ba wani ƙasa, a ba wani itacen da ke tsaye a kanta. Ta haka na gaji wata ƙatuwar kuka daga mahaifiyata, tana tsakiyar gonar maƙwabcina Sale. Ta haka kuma wata ɗorawa da ke tsakiyar tawa gonar ta zama ta Gwaggo Hanne, ƙanwar babana. Gwaggo mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata ne duk suna gidajen aurensu, kuma da ɗorawar nan take ci. Ta dafa kalwa ta yi daddawa, a kai mata kasuwar Ɗanbatta, a sayo mata hatsi.

Shekarar da nake magana a kai, ruwa ya ɗauke tun gero yana bununi. Aka yi girbi kamar ba a yi ba. Masu zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau suka riƙa dawowa da labarin tsada maimakon hatsi. Ganyen kuka da a da ba mai kula shi ya zama abin gadi, domin in tuwo ya yi kaɗan miya ce ke cike gurbin.

Sai iyalin Sale suka fara hawa kukata suna zage ganye. Da na yi masa magana ya ce ai bishiyar a ƙasarsa take, inuwarta ta hana shi amfanin wurin tun zamanin babansa, kuma yaransa na kwana da yunwa. Ban tsaya ja da shi ba, na kai ƙara wurin Dagaci. Ranar na yi jawabin da har yanzu nake ganin ban taɓa yin kamarsa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bishiya ta wanda ya gada ce, ko da a tsakar ɗakin wani ta tsiro. Yunwa ba ta mayar da kayan wani naka. In yau muka ce wahala ta halatta wannan, gobe ba mai sauran abin kansa a garin nan."

Dattawa suka gyaɗa kai, Dagaci ya ba ni gaskiya, Sale ya tashi yana kaɗe riga. Na yi makonni ina maimaita jawabin a dakali, ina ƙara masa gishiri, har yara suka haddace.

Aka shiga bazara. Wata safiya maiɗakina Asabe ta kira ni ta ce in leƙa rumbu. Na leƙa, na ga ƙasansa. Na mayar da murfin na sauko. A cikin kwanakin ne wani mai sayen itace da ke kai wa masu gidajen burodi a Kano ya shigo da motarsa, ya ga ɗorawar da ke gonata, ya zagaya ta yana bubbuga gindinta, ya ce in zan bari a sare zai ba ni buhun gero.

Ga abin da har yau yake ba ni mamaki. Ko sau ɗaya ban ji a raina cewa son kai nake yi ba. Hujjoji ne suka riƙa zuwa mini da ƙafarsu, masu kyau, masu tsabta. Wa ke zuba taki a wurin? Ni. Saiwar bishiyar takin wa take sha? Nawa. Geron wa ke tsumburewa a inuwarta duk shekara? Nawa. Kafin mako ya zagayo na gama tabbatar wa kaina cewa ni aka daɗe ana zalunta, haƙurina ne kawai ya yi yawa. (Kukar kuwa, wallahi ko ta faɗo mini a rai. Kamar a wata ƙasa aka yi waccan shari'ar, kuma wani ne ya yi ta.)

Na je na sami Gwaggo tana tsince kalwa a faifai, na yi mata bayani dalla-dalla, har na ce zan ɗiba mata wani abu daga geron. Ta saurare ni har na gama. Lokacin ɗorawar ta yi 'ya'ya jingim, saura kaɗan su bushe a kaɗe. Ta tambaye ni ko baɗi ma mai itacen zai dawo ya ba ta abin da za ta ci. Na ce baɗi tana hannun Allah. Ta ce haka ne, ta ɗauki mayafinta ta nufi gidan Dagaci.

Da bazara ba aikin gona, don haka ranar shari'ar kusan duk garin ya hallara a ƙofar gidan Dagaci. Gwaggo na gefe a kan 'yar tabarmarta. Mai itace na tsaye can baya, ya jingina da bango yana jiran a gama ya kira masu gatari. Na sa rigata ta Juma'a. Da aka ba ni dama na miƙe, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ta mai ƙasa ce, da abin da ke cikinta da abin da ke kanta. Ba adalci ba ne wani ya yi noma, ya zuba taki, wani kuma ya zo ya kwashi amfani don kawai kakanni sun faɗa. Kuma shekara irin wannan dole a duba halin da mai gona yake ciki."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka ƙarfin hujja ne ya kama su. Sai na ga Sale ya miƙe, mutumin da tun kaka ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Ya ce shi dai bai taɓa jin gaskiya tsantsa irin wannan ba, ya ce Allah ya saka mini da alheri, ya roƙi Dagaci da ya tabbatar da wannan magana ta zama doka a garin. Ni kuwa, don ku san iyakar wautata, har na juya na yi masa murmushi, ina cewa a raina ashe mutumin nan yana da hankali.

Sai ya ƙarasa: "In ya so, ranka ya daɗe, da zarar kuka ta yi sabon ganye sai in tura yara. Tunda a ƙasata take."

Na ji kamar an zare mini tabarma ina tsaye. Na fara cewa ai wannan daban, waccan daban. Dagaci ya tambaye ni ina bambancin. Na ce ai ita kuka gado ce. Ya ce ita ɗorawar fa, tsintar ta aka yi? Wani daga baya ya ɗauko jawabina na kaka, ya fara rero shi da irin muryata, "ko da a tsakar ɗakin wani ta tsiro," wasu suna amsa masa. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Alƙali, ba zan yi maka dole ba. Ka kawo mana magana biyu, kowacce ka ce ita ce gaskiya. Zaɓi ɗaya mu bi. In bishiya ta mai gado ce, ka riƙe kukarka, ka bar wa gwaggonka ɗorawarta. In ta mai ƙasa ce, ka sare ɗorawa, Sale ya ɗauki kuka. Wacce ce daidai?"

Nan ne ya kamata mutum mai mutunci ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa. Ni ban yi haka ba. Tsayawa na yi ina lissafi a gaban jama'a. Asabe ta ce wata maƙwabciya ta gaya mata har leɓena yana motsi. Miyar shekara da shekaru a hannu ɗaya, tuwon yau a ɗaya hannun. Ban san lokacin da na waiga wajen mai itace ba, bakina ya riga hankalina, na ce:

"Malam, buhun nan da ka ce, babba ne ko ƙarami?"

Ba zan iya kwatanta muku dariyar ba. Liman da kansa sai da ya rufe baki da gefen rawani. Dagaci ya bari ta lafa, sannan ya tambaye ni a hankali, in buhun babba ne wacce ce gaskiya, in kuma ƙarami ne wacce ce. Bai jira amsa ba ya ce hukuncin kaka yana nan, kowa ya riƙe bishiyarsa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Gwaggo. Ta naɗe tabarmarta ta wuce ta gabana ba ta ko dube ni ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Amma ku bar ni in faɗi haushina, don ina da shi. Su waye suka yi mini dariyar? Wanda ya kwaikwayi muryata, shi ne mutumin da ke cewa sakin awaki da damina zalunci ne, har ranar da matarsa ta sayi akuya. Sale kuwa da ake ta yaba wa wayonsa, ba gaskiya yake ƙauna ba, miya yake so. Da kukar tasa ce a gonata, da shi zai fi kowa rantsuwa da gadon kakanni. Duk garin haka muke, kowa dokarsa tana gindin bishiyarsa. Bambancina da su kawai, su suna yin lissafinsu a zuci, ni na yi nawa da ƙarfi, sanye da rigar Juma'a.

Na ƙaurace wa dakali. Da aka kaɗe ɗorawa sai ga aike daga gidan Gwaggo: ƙwarya cike da garin ɗorawa don yara, daga baya kuma ga daddawa ƙulle a ganye. Ba saƙo, ba gori. Na ce wa Asabe ta mayar, ni ba zan ci abin da aka aiko don a kunyata ni ba. Ta ce to, ta je ta kaɗa miyar kuka da ita. Kukata, daddawar Gwaggo, tukunya ɗaya. Na ci, na nemi ƙari. Garin ɗorawar kuwa shi yara suka riƙa damawa suna sha har ruwa ya sauka.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa abin da yake daidai daidai ne. Abin da na daina yarda da shi shi ne ni kaina, musamman in rumbu ya yi ƙasa. Yanzu in na ji hujja ta zo mini da sauƙi, tana sheƙi, ba ta da ko tabo, sai in tsaya in duba a gonar wa bishiyata take kafin in buɗe baki.

Mai itacen dai ya tada motarsa ya tafi bai ba ni amsa ba. Kuma tunda yau gaskiya nake faɗa muku, wani lokacin in na wuce ta gindin ɗorawar nan, har yanzu ina so in san girman buhun.