Rasuwar Shuɗiya, Motar da Ƙishirwa Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki 'yar autar gidan direban tasi take neman afuwar manya tun kafin ta ce komai. Ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma ba wanda ya sa ta. Gani ta yi kowa a gida ya yi shiru, ga mamaciya kwance a garejin bakanike, ba wanda ya sanar.

Don haka ake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin fasinjoji rasuwar Shuɗiya, motar Baba, wadda take ciyar da gidan tun kafin a haifi mai rubutun nan.

Marigayiya mai haƙuri ce, ko da yake ba ta taɓa amsa kiran farko ba. Sai ta yi "kir-kir-kir", ta yi tari, ta yi tunani, sannan ta ce "bummm". Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki katifu da buhunan siminti, ba ta taɓa nuna bambanci ba. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, shi ya sa babu fasinjan da ya taɓa sauka bai yi sallama da Baba ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da shan ruwa. A cika lagireto da safe, kafin yamma ya yi ƙasa. Baba ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, aka samu ɗan tabo. Ya bi tiyo-tiyo yana matsawa da yatsa, ya ga farin busasshen ruwa a bakin ɗaya, ya ɗaure shi tam, ya canza marfin lagireto. Kwali ya bushe, amma ruwa bai daina ɓacewa ba. Bakanike ya ce a bar masa ita yini guda ya hura mata iska ya ga inda take yoyo. Baba ya ce yinin da Shuɗiya ba ta fita ba, tukunya ba ta hawa wuta. Sai wani abokinsa na tasha ya ba shi magani: a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto. Baba kuwa ya fasa.

Washegari Baba ya buɗe marfi, ruwa fal. Jibi ma haka. Ya yi ta ba da labari a tasha, ya daina dubawa, har ya fitar da jarkar ruwa daga but don kayan fasinja su samu wuri.

Abin da bai sani ba, Mama ce ke ƙara mata ruwa da sassafe in ta fito shara, don ba ta son ganin fuskarsa in ya leƙa ya ga babu. Yaya ma yana ƙarawa in ya zo wanke ta. Ba wanda ya san da ɗan uwansa. Ranar da Mama ta kwana jinyar ƙanwarta, Yaya kuma ya makara, Shuɗiya ta fita da ƙishirwa.

A kan wata doguwar gada ta cika, da fasinjoji a ciki. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ta ce "fssss", ta ce "ƙwas, ƙwas", ba ta ƙara cewa komai ba.

Bakanike ya zaro sandar gwada baƙin mai, ga shi kamar shayi da madara. Ashe duk ruwan nan cikin injin yake zuba, inda kwali ba ya gani. Gasket, wanda ke raba ruwa da mai a cikin injin, ya ƙone tuntuni, yanzu kan injin ma ya tsage. Da aka ba shi labarin magani, cewa ya yi, "Ƙwai kuma, Direba? Ai ba yunwa take ji ba."

A tsakar gida Mama ta ce, "Baban yara, ni ce nake zubawa." Yaya ya ce, "Da ni, Baba." Baba ya dube su ya ce, "Sannunku da ƙoƙari." Tun daga nan ba a ji wata doguwar magana daga bakinsa ba.

Marigayiya ta bar safaya taya ɗaya mai faci, da jak, da batir wanda maƙwabci ya riga ya fara tambaya. Ta kuma bar Baba, wanda furfurarsa ta yi yawa ga masu ɗaukar direba, idonsa na hagu kuma ba zai ci gwajin gani ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ɗaukarta ranar Asabar da hantsi, daga garejin bakanike zuwa inda ake yanka irinta a auna. Ba sai an yi rakiya ba. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, inda za a tarar da Baba a kan benci, sanye da kayan aikinsa a goge. Ana roƙon masu zuwa su gaishe shi su zauna, amma don Allah kada kowa ya tambaye shi, yanzu me za ka yi?

Mai rubutun za ta manna takardar nan a jikin gilashin marigayiya yayin da bakanike ya duƙa ƙarƙashin wata motar, ta bi ta bayan tulin tayoyi ta wuce.