Ɗakin Lakar Gidan Saje Mika Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Saje Mika mai ritaya, mazaunin Zuru kan hanyar Dabai, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da tsofaffin abokan aikinsa na bariki, da 'yan majami'a baki ɗaya, rasuwar dattijon gidansu, wato ɗakin laka na tsakar gida wanda aka fi sani da Ɗakin Mama. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, cikin markar watan Agusta, yana da shekara sittin da huɗu, bayan jinyar damina biyu. Saje ya roƙa a rubuta tun daga farko cewa ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Marigayin ya zo duniya a ranin da mahaifin Saje ya gama golmo, shekarun noman da saurayi kan yi wa surukai kafin a ba shi mata. Bangonsa ya kai kamu guda a kauri. Jinkarsa ta sauko ƙasa-ƙasa kamar malafa, ta yadda ruwan sama bai cika samun gindinsa ba. Amaryar lokacin, wadda yau kowa ke kira Mama Rachel, ita ta yi masa daɓe da hannunta ta shafe shi da makuba. A cikinsa ta haifi Mika da ƙannensa biyar, a cikinsa kuma ta yi jinyar mijinta har ya cika.

Duk wanda ya san shi zai shaide shi da sanyin hali. A tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun Zuru ke mayar wa mutane da zafin da suka sha, mutum zai shiga cikinsa da zufa sharkaf, kafin ya gama gaisuwa jikinsa ya bushe. Da sanyi kuwa sai ya riƙe ɗumin rana ya ajiye wa masu kwana. A kawo wuta ko a ɗauke, bai taɓa tambaya ba. Bai taɓa shan fetur ko cokali ɗaya ba. Ruwan randar da ke kusurwarsa har haƙori yake kamawa, kuma matan unguwa sun sha kawo jarirai masu zazzaɓi su shimfiɗe su a daɓensa. Abin da yake nema a duniya bai wuce sabuwar ciyawa bayan shekara uku ba, da yaɓe kafin ruwan fari. Ba mai yawan magana ba ne. In ana ruwa sai a ji shi yana cewa shuuu, a hankali, kamar uwa mai lallashin ɗa. In an turo ƙofarsa ya ce ƙiii. Iyakarta ke nan.

Da Saje ya bar aikin soja ya dawo gida, ya gina ciki huɗu na bulo da rufin kwano a gaba, ya sa fanka, ya sayi janareto. Gidan ya yi kyau daga titi. Amma kullum in rana ta take, sai a ga Saje ya saɓa tawul ya nufi tsakar gida, wai zai gaida tsohuwa. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai la'asar, da minshari. Duk da haka, in baƙo ya zo, Saje kan tsaya ta yadda jikinsa zai tare marigayin, ya ce ai tsohon kango ne, ana shirin rushe shi. Marigayin ya sha jin wannan da kunnensa, kuma washegari ya karɓi Saje kamar bai ji ba.

Ciwon ajali ya faro ne shekara biyu da suka wuce, da Monica, ɗiyar Saje wadda ta yi karatun gini a Kaduna, ta aiko cewa iyayen saurayinta za su zo gaisuwa. Saje ya dubi ɗakin ya ga abin kunya. Ya tura Mama Dabai wajen ƙanwarta, wai ta huta mako guda, sannan ya kira Yusha'u magini ya ce a kware jinkar a buga kwano, a yi wa bangon filastar siminti ciki da waje, a shafa fenti.

Yusha'u ya daɗe yana shafa bangon kafin ya ce, “Saje, laka numfashi take yi. In ka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da ƙofar fita. Kuma kwanon da ka sayo gajere ne, gindin zai riƙa shan ruwa.”

Saje ya ce, “Aiki na kira ka ka yi, ko shawara?”

Kwana shida aka gama. Marigayin bai yi gardama ba. Da Mama ta dawo ta tarar da ɗakinta shuɗi fes yana ƙyalli, ta ɗora tafin hannu a bangon, ta janye, ta ce, “Soja, wa ya mutu aka sa ma ɗakina likkafani?” Saje ya yi dariya ya ce zamani ne.

Ranar da baƙin suka zo, ko ruwa uban saurayin bai gama sha ba ya ce yana da roƙo guda. Monica ta cika masu kunne da labarin ɗakin kakarta, wanda ta ce shi ya sa ta karanci gini, kuma har hotonsa take nuna wa masu son ta zana masu gida. Ya ce tun daga Kaduna yake ɗokin ya zauna cikinsa. Aka kai su, da tsakar rana. Kwano na ta ƙas, ƙas a bisa kansu, muryar da marigayin bai taɓa yi ba. Dattijon ya daure na ɗan lokaci yana fifita da hularsa, sannan ya ce cikin ladabi ko za a koma gindin mangwaro. Monica ba ta bi su ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ce, “Baba, mi kuka yi mishi?” Saje, wanda ya yi shekara talatin yana ba da amsa a gaban hafsoshi, ya juya ya bi baƙinsa gindin mangwaro.

Kafin ta koma ta roƙe shi a ɓamɓare simintin tun da sauran rai. Ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce sai an gama biki. Gaskiyar ita ce ba ya son unguwa ta ga yana kwance abin da ya yi ta nuna wa mutane da alfahari. Ciwo kuwa na ci ta ciki. Warin danshi ya kama tufafin Mama. In an ƙwanƙwasa bangon sai ya amsa da ƙwam, ƙwam, kamar ƙwaryar da ba komai cikinta. Da tsaga ta fito, Saje da kansa ya cike ta da siminti ya bi da fenti, ya ce wa kowa jiki da sauƙi.

Ranar Larabar, ruwa ya yi kwana uku bai ɗauke ba. Mama na zaune a gadonta ta ji ɗakin ya ce ɗas, ya yi shiru, ya sake cewa ɗas. Shekara sittin da huɗu suna tare, ta gane sallama ce. Ta ɗauki sandarta ta fito cikin ruwa ba ko mayafi, ta tsaya tana kiran Soja. Saje na fitowa da gudu bangon gabas ya durƙusa, kwanon ya bi shi. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce rugum. Da aka ɗaga ɓawon simintin, lakar da ke ciki ta zama kamar kunu. Akwatin Mama, da hoton mijinta guda ɗaya tak, suna ƙarƙashi. Tsakaninta da mutuwa taku bakwai ne. Saje ya auna da ƙafarsa daga baya, ya kuma sake aunawa.

Maƙwabta suka taru suna cewa ai laka ke nan, ba ta da amana, gara da Saje ya yi gidan bulo. Yusha'u na cikin taron, ya dubi Saje, ya kau da kai. Saje ya yi shiru ya bar su suna zagin mamaci. Kwana uku yana karɓar jaje a kan haka. Wannan shirun ya fi simintin ci masa rai, kuma shi ne dalilin wannan sanarwa. A sani, marigayin bai ci amanar kowa ba. Ko a numfashinsa na ƙarshe sai da ya jira tsohuwa ta fita.

Ya rasu ya bar Mama Rachel, mai shekara tamanin da uku, wadda yanzu ke kwana a ɗakin bulo, fanka na hura mata iska mai zafi, kuma har yau ba ta ce wa ɗanta ko kanzil kan maganar ba. Ya bar randa, wadda ta tsira da tsaga a baki. Ya bar ƙofarsa, da ƙadangaru da dama da suka rasa matsuguni. Ya bar abokin tagwaicinsa, rumbun dawa na bayan gida, wanda Saje ya rantse ba zai kusance shi da ko cebur ba. Ya kuma bar ƙaninsa, gidan bulo, wanda bai gaji halinsa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu ga darajar abu tun yana tsaye.

An lulluɓe gawar da tamfol har ruwa ya ɗauke. Za a yi jana'iza ranar Asabar ta farko a watan Disamba, bayan an shigo da amfanin gona, da ƙarfe bakwai na safe a gidan mamacin. Za a tsince simintin a kai shi cike ramin titi. Ba za a haɗa su kabari ɗaya ba. Ƙasar kuwa za a jiƙa ta, a ƙara mata ciyawa, a buga tubali da ita, a tayar da magaji a inda uban ya faɗi, bisa tushen dutse, da jinka mai faɗi. Monica ce za ta ja ragama, Yusha'u ya ɗora tubali. Saje ya tambayi nasa aikin, ɗiyar ta ce cuɗa laka da ƙafa, ya ce ya gode.

Masu zuwa su zo da tufafin aiki, mai dammin ciyawa ya taho da shi. Za a ba da kunu. Ba za a yi dogon jawabi ba, domin da aka karanta wa Mama wannan tsari ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ku dai yi sauri. Ni ma daminata ba ta da yawa.”