Farin Fenti da Ragar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tarwatsa masuntan garinmu ba, ni kaɗai, ba bindiga ba sanda, sai filafilin tuƙa jirgi a hannu da murmushi fal fuska. Har yau in na buɗe gwangwanin farin fenti sai gabana ya faɗi, ga shi kuma fenti ne sana'ata.

Mu mutanen bakin dam ɗin Tiga ne, cikin waɗanda ruwa ya ci garinsu aka tashe su zuwa tudu. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, wan mahaifiyata, Kawu Isiyaku, shi ya riƙe ni. Shi masunci ne, ni kuwa tun ina saurayi na tsere Kano na koyi fentin gidaje, na daɗe a can. Da zaman birni ya ishe ni na tattaro matata Saude da yara muka dawo gida, na ce zan haɗa biyu: in fenti ya samu in yi, in bai samu ba in shiga ruwa. Kafinta ya haɗa mini ɗan kwale-kwale mai shimfiɗaɗɗen ciki, irin wanda ake shiga gefen ruwa da shi inda ba zurfi, cikin ciyayin da kifin karfasa ke kiwo.

A lokacin ƙarfin Kawu ya fara ja baya, ido ma haka. 'Ya'yansa sun yi sun yi ya bar shiga ruwa, ya ƙi. Abin da ke riƙe da shi ragarsa ce. Da hannunsa ya saƙa ta tun idonsa na gani garau, kuma kowa ya san ba zai iya saƙa wata ba. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa shi ba zai jiƙa ragar kasuwa ba, duk ranar da tasa ta ƙare to shi ma ya gama da ruwa. Matsalar ita ce idanun ragar sun yi ƙanƙanta a kan abin da hukuma ta yarda da shi yanzu. Masu sintirin hukuma da ke zagaya dam ɗin sun taɓa kama shi da ita, suka yi masa kara saboda furfurarsa, amma suka ce in sun sake ganinta za su ƙone ta a bakin ruwa kamar ta kowa. Duk wannan na ji shi. Abin da ban taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya, shi ne wace kala ce jirgin masu sintirin.

Ranar da aka kawo kwale-kwalen Kawu ya zo ya shafa katakon, ya ƙwanƙwasa, ya ce ya yi kyau, in samo kwalta in shafe shi baƙi kamar na kowa. Na ce to, amma a raina na ce Allah ya kiyaye. Ni? Ni da na yi wa gidajen bene fenti a unguwar Nasarawa ta Kano, in zo in shafa kwalta kamar mai liƙe rufin kwano? (Gaskiyar magana, gidan bene ɗaya ne, kuma katangar baya aka ba ni.)

Na hau babur sai Bebeji. Na zauna a shagon mai fenti na sa ya sauko da gwangwanaye ya jere, ina buɗewa ina dangwalawa a bayan hannu ina ɗagawa a rana. Ja ya yi mini kama da kwandon tumatir. Kore na ce zai ɓace cikin ciyawa, to wa zai gan ni? Ruwan ɗorawa kuwa sai a ce a-daidaita-sahu ce ta faɗa dam. Na kira Saude a waya, ta ce in sayo ruwan hoda, in ya yi saura ta samu na ɗakinta. Na kashe wayar. Har mai shagon ya gaji ya tafi salla ya dawo ina nan ina shawara da kaina. A ƙarshe na ɗauki fari tas, da shuɗi na yin layi a gefe. Mai shagon ya ce zaɓin manya ke nan, kaina ya ƙara girma.

A bayan gida na yi aikin, na kewaye da zana, in na tashi in rufe da tamfol. So nake in ba mutane mamaki. Na goge katakon, na shafa fari shafi uku, na ja shuɗin layi siriri miƙaƙƙe daga gaba har baya. Sai na ga gaban ya yi fili da yawa, na yanka kwali na buga masa lamba da baƙi, don ado kawai. Saude ta leƙo ta ce wallahi kamar na gwamnati. Na ji daɗi har na ƙara mata cefane. Ita 'yar manoman Kiru ce, ba ta san komai na ruwa ba, to ni kuma mene ne uzurina?

Akwai kuma riga. Ni ɗan gidan masunta ne amma iyona bai taka kara ya karya ba (wannan ma sai yau nake faɗa), shi ya sa tun a Kano na sayi rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa. Na haɗa da hular hana-salla.

Da fentin ya bushe na roƙi wani maƙwabci manomi ya ɗauka mini a amalanken shanu. Ban yarda mu bi ta inda masunta ke ɗaure jiragensu ba, don in aka gan shi a kan amalanke armashin ya tafi. Muka zaga can ta wajen bangon dam muka sauke. Nufina in ɓullo musu daga cikin ruwa, rana na fitowa a bayana. Daga baya na ji cewa ta nan ɗin masu sintiri ke ɓullowa, kuma sukan kashe inji su lallaɓo da filafili don kada a ji su.

Gari ya fara wayewa, tururi na tashi a kan ruwa. Na miƙe tsaye ina tuƙi a hankali, ban ce uffan ba. Ina zagayo wani ɗan tsibiri sai ga jiragen mutanenmu a warwatse, kowa na jan ragarsa. Wani ya ɗago ya gan ni, ya yi fito mai ƙarfi. Na ce a raina, yawwa, an fara yabawa.

Sai wuri ya rikice. Wannan ya yi gabas, wancan ya kutsa cikin ciyawa, wani ya bar jirginsa ya faɗa ruwa ya nufi gaɓa. Ni kuwa na ɗaga hannu sama, ina nufin ku tsaya mana ku gani. Ku duba fa: farin jirgi mai shuɗin layi da lamba, mutum tsaye da rigar lemo da hana-salla, ya ɗaga hannu. Wallahi har zuwa lokacin ban gane ba. Na ɗauka garken kifi suka hango.

Can na hangi jirgin Kawu. Shi na fi so ya fara gani, sai na juya na bi shi. Ya ƙara sauri, na ƙara. Tsoho ne, ni kuma jirgina sabo, mara nauyi. Ya bar gefen ruwa ya nufi gurbin tsohon kogi, inda zurfi yake, inda kututturan itatuwan garinmu na da suke a ƙasa. Da na kira shi sau ɗaya, da ya gane muryata. Ban kira ba, ina ta dariya a ciki, wai zan ba shi mamaki.

Ina kallo ya ajiye filafili. Ina kallo ya tattara ragar jiƙe da kifinta, ya naɗe ta da dutsen da yake tsayar da jirgi, ya ɗaure. Ya ɗan riƙe ta a gefen jirgin, sannan ya saki. Sai a nan dariyar ta ɗauke mini.

Da jirgina ya gogi nasa, ya riga ya cire hularsa ya riƙe a hannu, kansa a sunkuye, yana haki. Bai ɗago ba ya ce, "Ranka ya daɗe, babu komai a jirgin. Duba da kanka."

Mutumin da ya goya ni, ya yi mini aure, shi ke ce mini ranka ya daɗe. Na so ruwan ya buɗe in shige, ga kuma rigar da ba za ta bar ni in nutse ba.

Na ce, "Kawu, ni ne."

Ya ɗago ya daɗe yana kallona, ya kalli jirgin daga gaba har baya. Ya mai da hularsa, ya ɗauki filafili ya juya.

Abin da na tarar a gaɓa ba sai na faɗa ba. Wanda ya faɗa ruwa ya fito da takalmi ɗaya yana neman ya shaƙe ni, wasu na zagi, wasu na dariya har da riƙe ciki, matan da ke jiran kifi suna tafa hannu suna salati. Tun daga wannan rana sunana ya koma Oga Sintiri, har yaran da aka haifa bayan nan haka suke kirana. Sauran duk sun samo ragoginsu, don a gefen ruwa suka yar. Ta Kawu ce kaɗai ta tafi gurbi. Samari masu iyo sun yi ta nutso, mun ja ƙugiya har hannuna ya yi kanta, ba mu ciro komai ba sai ruɓaɓɓun rassa.

Na je Kano na sayo masa raga mafi kyau da na samu, na durƙusa na ba shi haƙuri ina kuka kamar yaro. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya rataye ta a zaure. Tana nan rataye har yau, ba ta taɓa ganin ruwa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babban ɗansa, da ya ja ni gefe ya yi mini godiya, wai abin da suka kasa shekara da shekaru na yi shi a safiya ɗaya. Zagin da aka yi mini a gaɓa bai yi mini zafin wannan godiyar ba.

Yanzu Kawu yakan fito da safe ya zauna a gindin wata bishiya yana fuskantar ruwa, har rana ta yi zafi ya koma gida. Na daɗe ina kauce wa wurin. Wata rana dai na daure na je na gaishe shi na zauna. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Amma fa ka iya fenti, ɗan nan. Tun daga tsibiri na hango shi tar, ni da ake cewa ba na gani."

Ba gatse yake yi ba, da gaske yake yabona, kuma da ma wannan yabon na fita nema ranar. Na same shi, ga shi nan, ban san inda zan ajiye shi ba.

Tun daga lokacin, ko ƙofar bayi aka ce in yi wa fenti, sai na zagaya unguwa na tambayi wa ke da irin kalar, kuma wa ke gudu in ya gan ta. Mutane na cewa na cika tambaya. Na yarda, sai dai na makara da farawa.